Wai wane fim ne na iyali?

Tambaya: Ina da yara uku, mai shekara 4, mai 8, da babbansu mai 12. Mun ware dare ɗaya a mako muna kallon fim tare, amma abin ya fara isata. Kwanan baya na zaɓi wani katun da aka rubuta cewa na kowa da kowa ne, ƙaramar ta kwana tana firgita. Babban kuwa ya ce shi ya wuce kallon fim ɗin yara, sai ya zauna yana latsa waya har a tashi. Shin zaman nan yana da wani amfani, ko ɓata lokaci ne kawai? Kuma ta yaya ake gane fim ɗin da ya dace da iyali?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki fasa zaman nan. Gyara yake buƙata, kuma gyaran ba mai wuya ba ne. Na daɗe ina koyar da nazarin fim, na kuma sha zama ina tantance abin da za a haska wa yara, amma rabin abin da zan faɗa miki a falon gidana na koye shi, bayan na tafka irin kuskuren da kika yi, ni da nake ganin na san kan abin.

Bari mu fara da alamar nan da ta yaudare ki. Haruffan da ake liƙa wa fim, su G (na kowa da kowa) da PG (a kalla da kulawar iyaye), daga Amurka suka fito. Ƙungiyar manyan kamfanonin fim na ƙasar ce ta ɓullo da tsarin a watan Nuwamba 1968, ba gwamnati ba, kuma masu zama su kalli fim su ba shi harafi iyaye ne da aka ɗauka aiki, ba likitocin yara ba. Abin da suka fi sa wa ido sananne ne: ko akwai ashar, ko akwai tsiraici, ko an zubar da jini, ko an sha ƙwaya. Idan babu waɗannan, fim ya samu harafi mai sauƙi. Ke nan alamar ta fi ƙwarewa wajen faɗa miki abin da babu a cikin fim. Ko yarinya 'yar shekara 4 za ta iya barci bayansa, wannan ba ta ɗaukar miki alkawari.

Su kansu masu tsarin sun sha tuntuɓe. A 1984 wasu fina-finai biyu da fitaccen mai shirya fim Steven Spielberg ke da hannu a ciki, Gremlins da na biyu a jerin Indiana Jones, suka fito da alamar PG. Iyaye suka kwashi ƙananan yara suka nufi silima, suka tarar a ɗaya daga ciki ana zaro zuciyar mutum daga ƙirjinsa yana raye. Ƙorafin da ya biyo baya shi ya haifi PG-13, alamar gargaɗi ga iyayen yaran da ba su kai shekara 13 ba, a watan Yulin shekarar. Ki riƙe wannan, don idan kika ɗauko tsohon fim mai PG da aka yi kafin 1984, zai iya ƙunsar abin da yau ba zai samu wannan harafin ba. Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, wadda aka kafa tun 1912, ta fi fito da magana fili. A wajenta fim mai harafin U na mai shekara 4 ne zuwa sama, PG kuma bai kamata ya tayar da hankalin mai kimanin shekara 8 ba. Amma ita ma ta faɗa da bakinta cewa ba a iya sanin abin da zai razana wani yaro takamaimai.

To, me ya razana taki? Ban san katun ɗin ba, amma zan iya yin hasashe, domin abin ya faru da ni.

'Yata tana da kimanin shekara 4 muka zauna kallon wani katun da na riga na duba. Na san akwai faɗa a ƙarshe, don haka na riƙe rimot a hannu, ina jiran wurin in tsallake. Da faɗan ya zo dariya ma ta yi ta yi. Abin da ya sa ta ƙwalla ihu tun kafin nan wata fitowa ce da ban ɗauke ta a bakin komai ba: wata dattijuwa mai fara'a ta tsaya tana murmushi, sai fuskarta ta fara kumbura, haƙora suka tsawaita, ta rikiɗe ta zama wata halitta. Daƙiƙa kaɗan ne. Na rungume ta ina cewa ai ba gaske ba ne, zane ne kawai, mutane ne suka zana. Kamar ina zuba ruwa a kwando. Kwana uku bayan haka na cire tabarau ina goge ido, sai na ga ta ƙura mini ido, ta ce, "Baba, kai ma za ka canza?"

Daga baya na gane ba ita kaɗai ba ce. Farfesa Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ta shafe shekaru tana binciken abin da ke tsorata yara a allo, kuma abin da ta gano ya daidaita da abin da kowace uwa ke gani idan ta lura. Yaron da bai kai shekara 7 ko 8 ba, da ido yake tsorata. Halitta mai muni za ta firgita shi ko da mai kirki ce a labarin, mugu mai kyan fuska kuwa ba zai dame shi ba. Abin da ya fi komai girgiza shi shi ne rikiɗa, wato wanda ya sani ya koma wani abu daban a gabansa. Ta gwada wannan da wani shirin talabijin na ƙarshen shekarun 1970, wanda wani mutum yakan rikiɗe ya zama ƙaton kore ya ceci mutane. Manyan yara sun fi shiga fargaba lokacin da ake cikin haɗari, hankalinsu ya kwanta da ƙaton ya bayyana, don sun san taimako ya zo. Ƙananan kuwa a daidai rikiɗar tsoronsu yake tashi.

Da yaro ya haura 8, tsoron yakan sauya gida. Dodo ya daina damunsa, ya san ƙarya ce. Abin da ke hana shi barci yanzu shi ne abin da zai iya faruwa da gaske: gobara, haɗarin mota, sace yaro, iyaye su rabu, uwa ta mutu. Don haka fim ɗin da babu dodo ko ɗaya a cikinsa zai iya wuce ƙaramarki salin-alin, ya bar mai 8 ɗinki yana juyi a kan gado bai faɗa wa kowa ba. Shi ne ma na fi so ki sa wa ido, domin yaro a wannan shekarun ya fara jin kunyar cewa ya ji tsoro.

Maganin ma ya bambanta. Ƙaramar ba ta buƙatar bayani, kalmar "ba gaske ba ne" ba ta da nauyi a wajenta tukuna. Cinyarki take buƙata, da fitila a kunne, da a kashe abin a koma wani wasa. Mai 8 shi ne bayani ke yi wa amfani: yadda aka haɗa fitowar, cewa ɗan wasan yana nan da ransa, cewa ga abin da muke yi a gidan nan idan wuta ta tashi. Wata dabara da nake koya wa ɗalibaina kuma take aiki a kan yara ita ce a kashe sauti a sake kallon wurin. Kaso mai yawa na tsoron fim a kiɗa yake. Da ka cire kiɗan sai ka ga mutum ne kawai yana tafiya a hankali cikin ɗaki mai duhu, har yaron ya yi dariya.

Kada kuma ki ɗauka katun yana nufin sauƙi. A Disamba 2014 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani bincike da Ian Colman da abokan aikinsa suka yi a kan katun 45 da suka fi kasuwa daga 1937 zuwa 2013. Sun kwatanta su da fina-finan manya da suka fi kasuwa a shekarun, suka tarar cewa muhimman 'yan wasa a katun sun fi fuskantar mutuwa har ninki biyu da rabi, kuma iyayen jarumi suna cikin waɗanda aka fi kashewa. A fitowar raha ta ƙarshen shekara aka buga shi, amma alƙaluman na gaske ne. Dalilin kuwa marubutan labari sun san shi: muddin uwa da uba suna nan, su za su warware matsalar, labari ya ƙare kafin ya fara. Sai a kawar da su tun da wuri don yaron ya tsaya da ƙafarsa. Dabarar rubutu ce, amma 'yar shekara 4 ba ta san dabara ba, ta ga an kashe uwar wani ne kawai.

Ba ina cewa a ɓoye wa yara mutuwa ba. Ni a ganina gara yaro ya fara cin karo da ita a allo, yana jingine da ke, da ya fara cin karo da ita a zahiri babu shiri. Amma ke ya kamata ki zaɓi ranar, ba fim ya zaɓa miki ba. Hanya ɗaya ce kuma: ki karanta labarin fim ɗin gaba ɗaya, har ƙarshensa, kafin daren. Minti biyar ne a intanet. Kin rasa daɗin mamaki, gaskiya ne, amma wannan harajin zama uwa ne.

Yanzu ga wurin da nake ganin yawancin iyaye ke yin kuskure mafi girma, kuma da kyakkyawar niyya. Muna zaɓar fim saboda yana da darasi, muna tsammanin darasin zai shiga kan yaro da kansa. Marie-Louise Mares da abokiyar aikinta sun gwada wannan a 2008. Suka nuna wa yara 'yan ajin share fage wani katun da karnuka suka haɗu da kare mai ƙafa uku, suka fara gudunsa suna tsoron ko abin yana yaɗuwa, daga ƙarshe suka gane kuskurensu suka zama abokai. Manufar a bayyane take ga babba: kada a ƙyamaci mai naƙasa. Da aka tambayi yaran, mafi yawansu abin da suka fahimta shi ne a kyautata wa kare mai ƙafa uku. Iyakarta ke nan. Ba su ɗauko darasin sun ɗora shi a kan ɗan ajinsu mai sanda ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Fim mai darasi yakan ɓata mafi yawan lokacinsa yana nuna mugun hali, sannan ya gyara a mintunan ƙarshe. Ƙaramin yaro kuwa bai iya haɗa farkon labari da ƙarshensa sosai ba. Ya kalli sa'a guda ana tsokana da raini, ana dariya, sai minti biyar na nadama. Wanne kike ganin zai kwaikwaya gobe da safe? Gadar da ke tsakanin karen allo da ɗan ajinsu, ke ce za ki gina ta, da jumla ɗaya tak a lokacin da ya dace. Shi ya sa nake cewa rabin fim ɗin iyali a allo yake, rabin kuma a kan kujera, wajen babban da ke zaune.

Wannan ya kawo ni ga tambayarki ta ko zaman yana da amfani. Akwai wani bincike da nake yawan ambata, ko da yake a kan ma'aurata aka yi shi, ba yara ba. Ronald Rogge na Jami'ar Rochester da abokan aikinsa suka bi sababbin ma'aurata 174 na tsawon shekara 3, suka wallafa sakamakon a 2013. Wasu an ba su horo mai zurfi a kan sasanta rikici, wasu a kan tausayawa da fahimtar juna. Wasu kuwa cewa kawai aka yi su kalli fina-finai 5 da suka shafi zaman aure cikin wata guda, su tattauna bayan kowanne. Rabuwar aure a cikin waɗanda ba a yi wa komai ba ta kai kashi 24 cikin 100. A cikin masu kallon fim kashi 11 ne, daidai da waɗanda suka sha horo. Ba fim ɗin ne ya riƙe auren ba. Abin da ya yi shi ne ya ba miji da mata hanyar yin magana a kan kansu ba tare da an nuna wa kowa yatsa ba. Ya fi sauƙi ka ce mutumin can bai saurari matarsa ba da ka ce kai ba ka saurarena. Ga yaro ma haka ne, har ya fi. Yaron da ba zai taɓa ce miki ana cin zalinsa a makaranta ba zai iya yin doguwar magana a kan yaron da ake cin zali a fim, kuma idan kin kasa kunne za ki ji inda muryarsa ta sauya.

Sai dai a yi hattara da yadda ake buɗe maganar. Da an kashe talabijin ki juyo ki ce, "To, me kuka koya?", kin kashe zaman. Yara suna jin ƙamshin jarrabawa tun daga nesa, za su ba ki amsar da suka san kina so su tashi. Ni ba na tambayar komai a daren. Nakan faɗi nawa ra'ayin ne kamar da kaina nake magana, in ce ni fa uban nan ya ba ni haushi, ko kuma ban yarda yayar ta yi laifi ba. Sai wani ya yi caraf ya ce a'a. Shi ke nan an fara. Mafi kyawun hirar ma ba a daren take zuwa ba, sai bayan kwana biyu, ana cikin wani aiki daban.

Wane irin fim ne ke haifar da wannan hirar? A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi, kuma na san ba kowa zai yarda ba. Fim ɗin da ya fi yi wa iyali aiki shi ne wanda matsalarsa ta yi daidai da girman gida. Idan duniya ce za ta tarwatse sai jarumi ya cece ta, an sha kallo, an yi tafi, amma babu abin da za a ɗauka a shiga da shi gobe, don babu wanda zai ceci duniya a cikinmu. Idan kuwa matsalar ita ce an yi ƙarya ga uwa, ko ƙane ya karya abin yayansa, ko an koma sabuwar makaranta babu aboki, kowa a falon ya taɓa tsayawa a wurin.

Tun ranar farko ma da rayuwar gida fim ya fara. A cikin gajerun fina-finan da 'yan'uwan nan Lumière, Faransawan da ke cikin magabatan silima, suka haska wa masu biyan kuɗi a Paris ranar 28 ga Disamba 1895, akwai wanda bai kai minti ɗaya ba: Auguste Lumière da matarsa suna zaune a waje suna ciyar da jaririyarsu. Babu mugu, babu gudu. Ana kuma yawan ba da labarin cewa abin da ya fi ɗaukar hankalin 'yan kallo shi ne ganyen bishiyoyin da ke bayansu yana kaɗawa a iska. Abin da suke gani kullum ba su kula ba, da aka sa shi a allo sai suka gan shi. Har yau wannan ne babban abin da fim ya iya, kuma shi nake nema idan zan zaɓa wa gidana.

Misali ɗaya zan ba ki, don ya nuna abin da nake nufi. Children of Heaven, na Majid Majidi, daga Iran, 1997. Yaro ya karɓo takalmin ƙanwarsa daga wajen gyara ya ɓatar. Sun san ubansu ba shi da halin sayen wani, sai suka ɓoye, suka riƙa karɓa-karɓa da nasa takalmin: ita ta je makaranta da safe ta dawo a guje, shi ya karɓa ya ruga tasa. Daga baya ya shiga gasar tsere yana neman ya zo na uku, ba na ɗaya ba, saboda kyautar na uku takalmi ce. Labarin ke nan, kuma ya kai ga shiga takarar Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya rikiɗe, amma na ga manya suna riƙe numfashi saboda takalmi ɗaya ya faɗa kwata ruwa yana tafiya da shi. Irin wannan fim kan iya riƙe mai 8 da mai 12 da ke kanki a lokaci guda, kowa da abin da yake gani: ƙaramin yana bin takalmin, babban yana jin nauyin sirrin, ke kuma kina kallon uban.

Tunda muna maganar rayuwar yau da kullum, dole in faɗi inda fina-finan iyali suke mana ƙarya, don yara suna auna gidansu da abin da suka gani. A fim, rikicin shekara goma yakan warware cikin minti 90. Uba ya fahimci kuskurensa, kiɗa ya tashi, a rungumi juna. A gida kuwa neman gafara yakan zo a karkace, wani lokacin ma ba da baki ba, sai dai ka ga an gyara maka kekenka ba ka roƙa ba. Yaron da ya saba da na allo zai iya zama yana jiran jawabin da ba zai zo ba, bai lura an riga an ba shi haƙuri ta wata hanya ba. Haka kuma gidan fim kullum a share yake ba ka ga mai shara ba, kaya a wanke ba ka ga mai wanki ba. Sannan ga salon da ya yi yawa yanzu har ya gundure ni: uba sakarai ne abin dariya, uwa mai hana ruwa gudu ce, yaro shi ne mai gaskiya, kuma ƙarshen labari iyaye ne ke zuwa su ce ka yi daidai da ka ƙi jin maganarmu. Sau ɗaya ba laifi, iyaye suna kuskure, kuma yana da kyau yaro ya ga babba ya amsa laifinsa. Amma idan kowane mako wannan ake sha, ya zama karatu. Ba na hana kallonsu. Nakan dai ce, cikin wasa, wai a fim ɗin nan wa ke wanke kwanuka? Yanzu 'ya'yana ne ke riga ni tambaya.

Kada ki raina abin da ke shiga a shiru. A 2012 babbar likitar gwamnatin Amurka ta fitar da rahoton da ya tabbatar cewa ganin shan taba a fina-finai yana cikin abin da ke sa matasa su fara sha. Babu fim ɗin da ya ce wa yaro ya sha taba, jarumin da yake so ne kawai ke riƙe da ita. Abin da fim ya nuna a matsayin ba komai ba ya fi abin da ya yi wa'azi a kansa tasiri, kuma wannan ya shafi yadda ake yi wa iyaye magana da yadda ake dariyar mai ƙiba ko mai in'ina.

Game da ƙaramar, akwai batun tsawo. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce yaro mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce sa'a ɗaya a rana zaune gaban allo, ƙasa da haka ma ya fi. Cikakken fim ya zarce wannan, ga shi da dare, ga gajiya, ita kuma gajiya tana ninka tsoro. Ga kuma sauri: binciken James Cutting na Jami'ar Cornell ya nuna cewa a fina-finan shekarun 1930 da 1940 hoto yakan tsaya kimanin daƙiƙa 10 kafin a yanka zuwa wani, bayan 2000 kuwa ya sauko ƙasa da daƙiƙa 4. Wanda bai gama gane wa ke magana ba an riga an sauya masa hoto sau uku. Abin da nake yi shi ne in raba daren biyu. A fara da gajeren abu na minti 20 ko 30 wanda aka zaɓa dominta, kowa ya zauna har babban, sannan a kai ta ta kwanta, a sa na manyan yara. Neman fim ɗaya da zai gamsar da mai 4 da mai 12 kowane mako wahala ce kawai, tazarar ta yi yawa.

Babban kuwa yana da gaskiya, ki faɗa masa haka. Shekara 12 ba ta son a haɗa ta da 'yan yaye. Ki ba shi muƙami. Shi zai kawo fina-finai uku, ya karanta labarinsu, ya gaya miki ko akwai wurin da zai tsorata ƙanensa, ke ki zaɓi ɗaya. Yaron da aka ɗora wa amanar tacewa da idon babba yake kallo, kuma za ki sha mamakin tsananinsa, wani lokacin ya fi ki. Wani makon kuma ki zauna ki kalli abin da shi yake so ko da bai yi miki ba, ba tare da tsaki ba. Batun waya kuwa, a ajiye ta kowa a wuri ɗaya, da taki a ciki. Idan kina leƙa taki a tsakiyar fim kin riga kin gaya masa cewa zaman bai kai a ba shi hankali ba, kuma ba shi da dalilin ajiye tasa.

Idan suka nace sai an maimaita fim ɗaya sau goma, ki bari. Yaro ba ya gajiya da maimaici don kowane karo yana tsinto abin da ya wuce shi, kuma sanin abin da zai faru yana ba shi ƙarfin fuskantar wurin da ya tsorata shi a karon farko. Daga irin wannan maimaicin ne ma gida ke samun yarensa, wata kalma daga fim ta zama abin da ake faɗa idan wani ya yi fushi, kowa ya yi dariya, fushin ya sauka.

Mu a gidanmu fim ɗin takalmin ne ya bar mana irin wannan. Daren da muka kalla babu wanda ya ce uffan sai ɗana na tsakiya, shi ma har ya yi hamma ya ce ba a yi faɗa ba. Na ɗauka bai shige shi ba. Bayan kwana biyu ina ɗaure masa igiyar jakar makaranta da ta tsinke, yana tsaye a kaina, sai ya ce, "Baba, da yaron nan ya faɗa wa babansu, da zai dake shi?" Na ce ban jin haka, ina ganin ransa zai ɓaci, amma ya fi son ya sani da a bar yara biyu suna gudu a titi. Ya yi shiru. Na ci gaba da ɗauri ban ɗaga kai ba. Can sai ya ce agogon yayansa da ake ta nema tun makon jiya, shi ya ɗauka ya je da shi makaranta, gilashin ya fashe, yana cikin safa a ƙasan akwatinsa.

Na ce ya je ya ɗauko mu gani ko zai gyaru.